Yadda za ka zaga duwatsun Malham a yini ɗaya ba tare da ka jigata ba

Bari in fara da sunan garin. A rubuce Malham ne amma mutanen wurin ba sa furta h ɗin, Malam suke cewa, ranar da na fara jin direban bas ya ɗaga murya ya ce Malam wallahi sai da na waiga na zaci da ni yake. Ɗan ƙaramin ƙauye ne a arewacin Ingila cikin gandun Yorkshire Dales da gwamnati ta keɓe tun 1954, kuma in kana zaune a Leeds ko Bradford ko Manchester, karatu ne ya kawo ka ko aiki, wannan ita ce tafiyar da nake fara tura duk wanda ya ce min ya gaji da zaman ɗaki daga aji sai kantin Tesco daga Tesco sai gado. Ba hawan dutse ba ne irin na igiya da hular kwano, tafiyar ƙafa ce kawai, yara suna yi tsofaffi suna yi, za ka ga tsohuwa sa'ar kakarka da sandunanta biyu ta wuce ka tana ce maka sannu. Sai dai fa in Bature ya ce maka tafiya mai sauƙi ce, abin da yake nufi shi ne ba za ka yi rarrafe ba, ba wai ba za ka yi haki ba.

Zagayen iri biyu ne. Gajeren ya kai kamar kilomita 8, daga ƙauye zuwa magangarar ruwa ta Janet's Foss, kwazazzabon Gordale Scar, sai saman ƙaton bangon dutsen Malham Cove ka sauko gida, awa uku ya ishe ka har da ɗaukar hoto. Dogon kuma shi ne ka ƙara da tafkin Malham Tarn da ke can saman tudu, duka ya tashi kusan kilomita 12, ka ware masa awa biyar. Ni dogon nake ba da shawara in rana tana da tsawo, don wanda ya tsaya a gajeren dutsen kawai ya gani bai ga filin tudun ba, kuma rabin labarin yana can sama.

Zuwa wurin shi ne abin da ya fi tafiyar kanta ciwon kai in ba ka da mota. Jirgin ƙasa daga Leeds zuwa Skipton bai kai awa ɗaya ba kuma yana tashi a kai a kai, daga Bradford ma akwai, matsalar daga Skipton zuwa Malham ne, wajen mil 11, bas ɗin ba shi da yawa kuma jadawalin ranar aiki daban na Asabar daban na Lahadi daban, na bazara ba irin na hunturu ba. Ka duba shafin DalesBus na jadawalin bas ɗin yankin tun dare, ka ɗauki hoton lokacin bas na ƙarshe ka ajiye a waya, ka kuma rubuta a takarda. Na taɓa tsayawa shan shayi na raina minti goma, na fito na hango bayan bas yana shan kwana, kuɗin tasi da na biya ranar ya fi kuɗin cefanena na sati, har yau in na tuna sai raina ya sosu. In ku huɗu ne ku haɗa kuɗi ku ɗauki hayar mota ko ku lallaɓi mai mota a cikinku, akwai wurin fakin na hukumar gandun a bakin gari, ana biya, akwai banɗaki da ofishin baƙi a nan. Ranar Asabar mai rana ko ranar hutun banki in ka wuce ƙarfe goma ba ka iso ba to sai dai filin manomi da suke buɗewa. Hanyar kuma siririya ce tsakanin katangun dutse, in kun haɗu da tarakta kai ne za ka ja baya.

Sai kaya. In abu ɗaya za ka ɗauka daga duk surutun nan to takalmi ne. But mai ƙasa mai haƙora wanda ya kama idon sawu, ba farin kambas ɗinka na zuwa Juma'a ba mai ƙasa sumul. Ba sai mai tsada ba, shagunan gwanjo na sadaka suna da su, ka sa shi kwana biyu a gari tukuna kada sabon takalmi ya yi maka kanta a tsakiyar daji. Safa mai kauri. Rigar ruwa mai hula ko da ka tashi ka ga rana tar, lema ba ta da amfani a can, iska za ta juya ta cikin minti ɗaya. Kada ka sa jins, in ya jiƙe nauyi yake kuma ba ya bushewa sai ya riƙa tsotse maka ɗumin jiki. Ka sa riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere maimakon jibgegiyar jaket ɗaya, in ka yi gumi a hawa ka cire ɗaya in kun tsaya ka mayar. 'Yan uwa mata, doguwar abaya mai jan ƙasa za ta ba ki wahala a matakala da wajen tsallake katanga, kuma za ta kwashi laka da kashin tumaki, riga zuwa gwiwa ko ƙasa kaɗan da wando mai faɗi ya fi, hijabi kuma wanda ake zurawa ko ki cusa bakinsa cikin jaket, don iskar saman nan ba ta da kunya.

A jaka: ruwa lita ɗaya da rabi, filas na shayi, burodi da ƙwai ko sauran shinkafar jiya a roba, dabino, gyaɗa, in wani ya zo maka da kilishi ko ƙuli daga gida to ranarsa ce. Akwai gidajen abinci da wuraren shan shayi a ƙauyen amma yawancin abin da ke cikin fai da sanwic ɗinsu sai ka yi tambaya, naman alade ba baƙo ba ne a nan, gara ka zo da naka. Fawa bank, ɗan tocila, leda ta zuba shara. Taswira kuma, ta takarda da ake kira OL2 ta Ordnance Survey ita ce ta wannan yankin, ko ka sauke taswirar a waya tun kana gida don netwok yana zuwa yana ɗaukewa, cikin kwazazzabo kam babu shi sam.

To bismillah. Daga wurin fakin ka shiga gari kaɗan, za ka ga 'yar gada a bayan tsohuwar maƙera, ka tsallake rafin ka juya dama ka bi gefen ruwa kana barin gari a bayanka. Za ka ji kamar ka yi kuskure tunda duwatsun suna bayanka, ba kuskure ba ne. Bayan 'yan filaye kusa da wani rumbun dutse akwai allon katako da ya nuna Janet's Foss hagu, ka bi shi. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, wani wurin ma an jera faffaɗan dutse. Tun a nan ka koyi karanta alamominsu: kibiya rawaya hanyar ƙafa ce, shuɗiya ta masu doki da keke da ƙafa, wani ɗan ƙwallo mai hula kuma alamar manyan hanyoyin tafiyar ƙafa na ƙasar ce, a nan yana nufin kana kan Pennine Way, wadda ta taso daga Edale ta ƙare a Kirk Yetholm cikin Sikotland, mil 268. A kan tudun Malham ɗin nan aka yi bikin buɗe ta a watan Afrilun 1965. In ka ga mutum da ƙatuwar jaka fuska duk ta ƙone da iska yana tafiya ba ya kallon kowa, irin masu yin ta gaba ɗaya ne, sati biyu zuwa uku suke yi a hanya.

Ƙa'idar ƙofa ita ce ka bar ta yadda ka same ta, in a rufe take ka rufe in a buɗe take manomi ne ya bar ta da gangan. Filayen nan duk na mutane ne, haƙƙin wucewa kawai doka ta ba ka, a ƙasa cikin gonaki ka tsaya kan hanya, sai can sama ne akwai filayen da dokar shekarar 2000 ta yarda ka yi yawo inda ka ga dama. Katangun da za ka gani sun yi layi har kan tsauni, dutse ne aka jera a kan dutse ba siminti ba laka, wasu sun fi shekara ɗari biyu a tsaye, kada ka hau su, akwai matakalar da aka yi don tsallakewa ka nema.

Da ka shiga 'yar kurmin da ke gaban Janet's Foss, in watan Afrilu ne ko Mayu hancinka ne zai fara sanar da kai, tafarnuwar daji ce ta rufe ƙasa da fararen furanni, wurin kamar kicin ɗin mai suya. Ruwan da ke gangarowa ba babba ba ne, wanda ya san Gurara ko Matsirga kada ya sa rai, ɗan gajere ne yana zubowa kan dutse mai gansakuka cikin wani kwarmi mai ruwa garau. Foss kalmar mutanen Arewacin Turai ce da suka zauna a yankin tun da, ma'anarta magangarar ruwa, Janet kuma wai sarauniyar aljanu ce da ke zaune a kogon bayan ruwan, ka ga ashe ba mu kaɗai ke da 'yan ruwa ba. A da a kwarmin nan makiyaya ke wanke tumaki kafin a yi musu aski. Za ka ga kututturen itace da aka bubbuga wa kwabbai har ba masaka tsinke, masu neman sa'a ne, kai dai ka riƙe canjinka ka sayi shayi. Abin lura a nan shi ne dutsen da ruwan ke bi ta kansa, ruwan ne ya gina shi da kansa, allin da ya narkar a can sama yake saukewa a nan kaɗan kaɗan. Ka riƙe wannan a ranka don duk tafiyar yau labarin ruwa da farin dutse ne.

Ka haura ka fito kan kwalta, ka yi dama, ka wuce gadar Gordale inda sau da yawa akan sami motar mai shayi, sai ƙofa a hagu ta cikin filin da ake kafa tanti. Ka bi tsakuwar har ciki. Ba za ka ga komai ba sai tsaunuka biyu suna matsowa, kana tafiya kana cewa ina abin yake, sai ka sha wata kwana kawai ka tsinci kanka a cikin Gordale Scar, bango hagu bango dama kusan mita 100 sun sunkuyo kamar za su haɗe a samanka, ruwa na ɗiga daga sama, murya na amsawa, ruwa biyu na zubowa ɗaya bisa ɗaya, na saman ta cikin wata ƙofa a jikin dutse yake fitowa. Duk wanda na kai wurin nan shiru yake fara yi, sai kuma ka ji Subhanallah. Za ka ga wasu suna kama dutsen gefen ruwan suna hayewa, hanya ce ta gaske kuma doka ba ta hana ba, amma ba ta cikin tafiya mai sauƙi, ana faɗowa a karye a wurin. Kada zuga ta ɗebe ka, ko da yaro ɗan shekara goma ka ga ya haye. Ka ɗauki hotonka ka juyo yadda ka shigo.

A gadar Gordale akwai allo mai nuna Malham Cove, nan ne hawan farko na gaske, ciyawa ce da ɗan tudu, ka tafi a hankali da gajeren taku, in ba ka iya magana kana tafiya to ka yi sauri da yawa. Za ka tsallake wata siririyar kwalta ka ci gaba cikin fili. Tumakin da za ka gani masu baƙar fuska da farin baki da murɗaɗɗen ƙaho su ne Swaledale, kansu ne tambarin gandun ma. Lokacin haihuwa, Maris zuwa Mayu, kada ka ɗauki ɗan tunkiya don ka ga shi kaɗai yana kuka, uwarsa na kusa. Akwai shanu ma, wasu baƙaƙe da farin ɗamara a ciki kamar an ɗaura musu zani, ba ruwansu da kowa yawanci, amma kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, wannan kam ko a rugar gida ka sani. Karnuka kuwa sai ka yi haƙuri, kusan kowane Bature da nasa, yawanci a ɗaure suke saboda tumaki, in ba ka so ya shinshine ka ka koma gefe ka tsaya cak, mai shi zai gane ya ja abinsa.

Sai ka fito saman Cove, ka ga fili guda an shimfiɗe shi da farin dutse an tsattsaga kamar ƙasar fadama da ta bushe ta dare a watan Maris, sai dai kowane ɓangare ya kai tabarma ko katifa, tsagar kuma wata ta kai ƙugu wata ta fi tsayin mutum. Wannan dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Ashaka da Kalambaina ana yin siminti. Masana sun ce ya taru ne a ƙarƙashin wani teku mai ɗumi marar zurfi shekaru sama da miliyan 300 da suka wuce, lokacin wannan ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya inda ake zafi, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa, in ka duba da kyau a wasu duwatsun katanga za ka ga sawunsu. Daga baya tulin ƙanƙara ya bi ta kai ya kankare ƙasar da ke sama ya bar dutsen tsirara, sai ruwan sama, wanda yake da ɗan tsami kaɗan, ya riƙa bin layin tsaga yana cin dutsen shekara dubbai har ya zama haka. Su suna kiran tubalan clints, tsagogin kuma grikes. Ka durƙusa ka leƙa cikin tsaga, za ka sha mamaki, sama ƙungurmin dutse ba ko ciyawa amma ciki kore shar, ganyayen kurmi masu son inuwa, akwai wani mai kama da dogon harshe, sun ɓuya inda iska ba ta kai kuma bakin tunkiya ba ya isa. Doka ta hana ɗaukar dutsen nan, da can mutane sun yi ta farfasa irinsa suna kai wa lambun gida ado.

Yadda ake taka shi: ido a ƙasa, ƙafa a tsakiyar tubali ba a baki ba, in za ka kalli gari ko ka ɗauki hoto ka tsaya tukuna. Wasu tubalan suna motsi. Miliyoyin takalma sun goge shi ya yi santsi, in ya jiƙe kuma sabulu ne, zuwana na farko da kambas na zo an ɗan yi yayyafi, ƙafata ta zame ta shige tsaga har gwiwa, ƙaurina ya daku sai da na yi sati ina ɗingishi, Allah ya taimaka ban karye ba. Waya da makulli a aljihu mai zif, abin da ya faɗa tsaga ya tafi kenan. Bakin kuma babu shinge babu komai, mita 80 ne zuwa ƙasa, ka riƙe hannun yara, mai son hoton bakin rami don Instagram ka ce masa ya dawo. In ranar ruwa ake ko iska na ture mutum, ka bi ta bayan shimfiɗar inda ciyawa take ka zagaye, babu wanda zai ce ka ji tsoro.

Mai gajeren zagaye daga nan zai tsallaka ya sauka. Mai dogo ya juya wa ramin baya ya fuskanci arewa, akwai wani kwari da katanga ta bi tsakiyarsa, sunansa Watlowes. Kana shiga za ka gane hanyar kogi ce, ga gaɓa ga kwana ga inda ruwa ya taɓa faɗowa, amma ko ɗigo babu. A ƙarshen zamanin ƙanƙara, fiye da shekara 12,000 baya, ƙasa a daskare take ruwa ba ya iya nutsewa, sai narkakkiyar ƙanƙara ta bi ta nan ta zuba ta saman Cove. Da ƙasa ta saki sai ruwan ya sami tsagogi ya koma bi ta ƙarƙashi, ya bar kwarin a bushe. Sau ɗaya a zamaninmu ya dawo, ranar 6 ga Disamba 2015 lokacin guguwar Desmond, ruwa ya yi yawa har ƙasa ta kasa shanyewa ya biyo tsohuwar hanyarsa ya zubo ta saman Cove na ɗan lokaci, tsofaffin garin ma ba su taɓa gani ba. Katangar tsakiyar nan kuma tsohuwar iyaka ce tsakanin filayen kiwon gidajen ibada biyu na Kirista, Fountains Abbey da Bolton Priory, waɗanda suka yi arziki da ulun tumaki ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ƙasan kwarin duwatsu ne birjik, ka kula da idon sawu, a ƙarshensa akwai matakalar dutse sai hanya ta yi kwana dama ta zagaya tudu.

Da ka fito sai duniya ta buɗe. Wannan shi ne abin da suke kira moor, tudu mai faɗi ba bishiya ba gida, ciyawa mai tauri launin zaki, sama ta sauko har ƙasa, iska ba abin da ke tare ta. Ni yana tuna min wasu wurare a saman Filato, in ka cire rana. A nan za ka ji sanyi ya ƙaru, kowace mita 150 da ka hau kusan digiri ɗaya kake rasawa kafin a zo maganar iska, ka mayar da rigar da ka cire. In bazara ce ka tsaya ka yi shiru minti ɗaya, akwai wani tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe da kukansa ke tashi kamar busar sarewa, da wani ɗan ƙarami da ke tsayawa can sama yana ta rera waƙa ba ya numfashi. A ƙasa suke ƙwai cikin ciyawa, shi ya sa daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli doka ta ce kare ya zauna a gajeriyar igiya, kai ma ka bi sawun hanya. Inda ka ga ciyawa ta yi kore fiye da ta kusa da ita, ko wasu tsinkaye dogaye kamar na tabarma, ko farin fure kamar auduga, laka ce a ƙasa, ka zagaye.

Kafin ka kai kwalta za ka haɗu da rafi yana tahowa wajenka da ƙarfinsa, ka bi shi da ido, sai ka ga ya shige cikin tsakuwa ya ɓace, babu rami babu kogo, kawai ya ƙare. Water Sinks ake ce wa wurin. Kowa zai ɗauka shi ne ruwan da ke fitowa a gindin Cove tunda a layi ɗaya suke, mutanen da ma haka suka zata, sai da aka yi gwaji ana zuba abu a ruwan ana jira a ga inda zai ɓullo, aka gano yawancinsa can kudu da ƙauyen yake fitowa a Aire Head, na gindin Cove kuma daga wani wuri daban yake a yammacin tudun, hanyoyin biyu suna saɓawa a cikin dutse. Ruwan nan shi ne kogin Aire, wanda yake ratsa tsakiyar Leeds, in a can kake zaune to yau ka ga mafarinsa.

Ka tsallake kwalta, minti kaɗan sai ga tafkin. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, ƙasar da ke shanye rafi sukutum ya aka yi ta riƙe tafki? Amsar tana ƙarƙashinsa, shi ba a kan farar ƙasa yake zaune ba, wani tsohon dutse ne mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, tsagewar ƙasa ta turo shi sama a daidai nan, da ruwan ya fita ya taka farin dutse sai ya nutse. Malham Tarn yana mita 377 sama da teku, ba shi da zurfi, mafi zurfinsa bai kai mita biyar ba, ƙungiyar adana wuraren tarihi da filaye ta National Trust ke kula da shi kuma wurin kiyaye tsuntsaye da tsirrai ne, ba a wanka. Ka sami bayan katanga ko gindin tudu inda iska ba ta bugu ka buɗe filas. Nan ne wurin sallah mafi daɗi in lokaci ya yi, alƙibla kudu maso gabas take, ka shimfiɗa rigar ruwa a inda tumaki ba su ɓata ba, ba wanda zai dame ka, iyaka mai wucewa ya ɗaga maka hannu. Shawarata ka riƙo alwala tun daga ƙauye don ruwan can sama yana sa yatsu su ƙage. Kuma komai kyan ruwan rafi kada ka sha, ba ka san mushen tunkiyar da ke kwance a sama ba.

In kana nan ka ga hazo ya fara rufe tudun da ke gabanka, ko gajimare ya sauko, kada ka tsaya ƙarasa shayi, ka juya ta hanyar da ka zo tun kana ganinta. Hazon nan ba irin na hunturunmu ba ne mai ƙura, jiƙaƙƙe ne kuma cikin minti goma sai ka kasa ganin mutumin da ke gabanka, a fili irin wannan kuma ko'ina kama da ko'ina yake. In wani ya ji ciwo ya kasa tafiya ka kira 999 ka ce 'yan sanda, sannan ka ce masu ceto a dutse, a yankin nan ƙungiyar Cave Rescue Organisation ce da ke Clapham, 'yan sa kai ne tun 1935 kuma ba sa karɓar ko kwabo, amma kafin su iso awa na iya wucewa, abin da ya sa na ce ka riƙo ƙarin riga kenan. Ka kuma gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowa. Lissafin rana ma ka yi shi tun kafin ka fito, a watan Yuni har tara da rabi na dare da sauran haske, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, gajeren zagaye kawai za ka yi a lokacin. Mayu zuwa Satumba ya fi wa sabon shiga.

Komawa ta Watlowes ɗin dai, gangara ce yanzu kuma kallon ya fi kyau ta wannan fuskar. A saman Cove ka yi dama ka tsallaka zuwa ɓangaren yamma inda matakala take, wajen 400 ne kuma ba daidai suke ba, wata doguwa wata gajera, saukar ta fi cin gwiwa fiye da hawa, ka sauka a karkace in gwiwarka na ciwo, ka ba masu hawowa hanya suna haki. A ƙasa ka bi hagu zuwa gindin bangon ka ɗaga kai, faɗinsa wajen mita 300 a lanƙwashe kamar rabin ƙwarya, rafi na fitowa daga ƙarƙashinsa shiru ba ko ƙara, masu nutso da tulun iska sun bi shi ciki mita ɗaruruwa. Ɗige-ɗigen da za ka gani a jikin bangon mutane ne a igiya. Akwai shaho mai gudun tsiya da ke sheƙa a nan tun 1993, in ka ga mutane sun kafa madubin hangen nesa ka matsa ka gaishe su, yawanci za su ce ka leƙa.

Daga nan hanya ce mai kyau ta bi gefen rafi ta haura kwalta, minti ashirin zuwa ashirin da biyar kana cikin gari. Kafin ka shiga wurin shan shayi ka duba ƙofa, in an sa alamar a cire takalmi mai laka ka cire, ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Da ka koma gida ka duba ƙafafu da bayan gwiwa da ƙugu ko kaska ta maƙale, nasu ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme, in ka samu ka cire da ɗan hantsaki daga kai a hankali, in jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki ka je wajen likita. Takalmin kuma ka cusa masa tsohuwar jarida ya kwana, kada ka ɗora shi kan hita, fatar tsagewa take.